Gidan Silimar da Ya Koma Zauren Waƙa a Birnin Landan

A kudancin birnin Landan, cikin unguwar da ake kira Brixton, akwai wani katafaren gini a bakin titin Stockwell wanda shekarunsa suka doshi ɗari. An buɗe shi a shekarar 1929 a matsayin gidan silima mai suna Astoria. A yau kuwa an san shi da sunan Brixton Academy, wato zauren da mawaƙa da makaɗa kan tara mutum kusan 5,000 a dare ɗaya. Tsakanin waɗannan sunaye biyu ginin ya ga duniya. Ya yi tashe, ya yi kwantai, ya zama ɗakin ajiyar kaya, an nemi a rushe shi, an sayi haƙƙin hayarsa a kan fam ɗaya tak, sannan a shekarar 2022 turmutsitsin da aka yi a ƙofarsa ya yi sanadin mutuwar mutum biyu.

Ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne, mayar da tsohon gidan silima zauren waƙa abu ne da ya dace, kuma ya fi rushe shi ko garƙame shi alheri nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda ya gaji irin wannan gini, to ya gaje shi ne tare da bashi, domin an tsara shi don wata irin jama'a, ana kuma zuba masa wata iri dabam. Masu yabon irin wannan sauyi ba su cika ambaton bashin ba, alhali kuwa da rayukan mutane ake biyan sa idan aka yi sakaci.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ginin ya karɓi sabon aikinsa, wajibi ne a san yadda aka gina shi tun farko. A ƙarshen shekarun 1920 harkar fim ta sami babban juyi, domin a shekarar 1927 ne aka fara nuna fim mai magana a Amurka, jama'a kuma suka yi ca a kansa. Masu kuɗi a Ingila suka shiga gasar gina manyan gidajen silima a unguwannin talakawa da ma'aikata. Astoria ta Brixton ita ce ta farko cikin wasu gidaje huɗu masu wannan suna da aka gina a unguwannin Landan a tsakanin 1929 da 1930. Sauran ukun suna Old Kent Road da Streatham da Finsbury Park. Masanin zanen gine-gine Edward A. Stone shi ya jagoranci tsara ta, an kuma kashe fam 250,000 wajen aikin, wanda a wancan zamani dukiya ce ta fitar hankali. An buɗe ta ranar 19 ga Agusta, 1929, da fim ɗin The Singing Fool na mawaƙin nan Al Jolson. Kujerunta sun kai kusan 3,000.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne adon cikinta. An kwaikwayi wani salo da ya samo asali daga Amurka, inda ake shirya zauren kallo ya yi kama da filin Allah. Wanda ya shiga Astoria sai ya ga kamar yana zaune cikin wani lambu na ƙasar Italiya da daddare. A jikin bango an yi siffar gidaje da baranda da ginshiƙai da itatuwa, rufin kuma an yi masa launin sararin samaniya, an jera ƙananan fitilu suna ƙyalli kamar taurari. Bakan da ya kewaye dandamalin an ƙera shi ne bisa siffar gadar Rialto ta birnin Benis. Ma'aikacin da ya wuni a masana'anta, ya koma ɗan ƙuntataccen ɗakinsa mai sanyi da hayaƙin gawayi, idan ya biya 'yan sulallansa ya shiga nan, ya sayi abu biyu ke nan, fim da kuma mafarki. Wasu masana gine-gine na lokacin sun raina wannan ado, suna ganin sa ƙyale-ƙyale ne na yaudarar talaka. Ni dai ban ga laifin mutumin da ya ga talaka ya cancanci ya zauna a wuri mai kyau na awa uku ba, ko da kuwa riba ce ta kai shi ga wannan tunani.

Akwai abubuwa biyu a tsarin ginin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin su ne suka cece shi daga baya. Na farko shi ne dandamali. A wancan zamani ba fim kaɗai ake nunawa a manyan gidajen silima ba. A tsakanin fim da fim akan fito da mawaƙa da 'yan rawa da masu barkwanci su yi wasa a gaban jama'a. Saboda haka aka gina wa Astoria dandamali mai faɗi da zurfi irin na gidan wasan kwaikwayo, wanda har yanzu ake lissafa shi cikin manya a nahiyar Turai. Na biyu shi ne daɓen zauren, wanda aka yi shi da gangara daga baya zuwa gaba domin kada kan na gaba ya tare wa na baya allo.

A nan zan ɗan ratse, kasancewar wannan littafi na ɗaliban Hausa ne. Kalmar da muke amfani da ita, wato silima ko sinima, ararriya ce daga Ingilishi, kuma musanyar da ake samu tsakanin "n" da "l" a cikinta ba baƙon abu ba ne a Hausa, kamar yadda lamba ta fito daga kalmar Ingilishi mai farawa da "n". Majigi kuwa, wanda Turawan mulkin mallaka suke yawo da shi a mota suna haskawa a fili kyauta, shi ma sunansa aro ne, amma Bahaushe bai taɓa haɗa shi da silima ba. Majigi na hukuma ne, ana kallon sa a ƙofar fada. Silima ta 'yan kasuwa ce, ana biya a shiga. Astoria silima ce ta ainihi, wato kasuwa, kuma abin da ya tayar da ita shi ne ya kwantar da ita.

Ba da daɗewa da buɗe ta ba kamfanin Paramount na Amurka ya saye ta tare da 'yan'uwanta, a shekarar 1939 kuma suka koma hannun kamfanin Odeon. Kasuwar silima a Birtaniya ta kai ƙololuwarta a shekarar 1946, lokacin da aka sayar da tikiti fiye da miliyan 1,600 a shekara guda. Daga nan sai talabijin ya shiga gidaje, musamman bayan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 da kuma buɗe tashar 'yan kasuwa a 1955. Masu zuwa silima suka yi ta raguwa shekara bayan shekara, har a 1984 adadin tikitin ya faɗo zuwa miliyan 54. Zauren da aka gina don mutum 3,000 ya zama kaya, ga kuɗin ɗumama shi, ga na gyaran rufi, ga albashin ma'aikata, kujeru kuwa fayau. Gidaje da yawa suka koma wuraren cacar nan da ake kira bingo, wasu aka yanyanka su zuwa ƙananan ɗakunan kallo, wasu aka baje su. Astoria ta Brixton ta nuna fim ɗinta na ƙarshe ranar 29 ga Yuli, 1972.

Yunƙurin farko na mayar da ita zauren kiɗa bai yi albarka ba. A cikin wannan shekara ta 1972 aka cire kujerun ƙasa, aka sa mata suna Sundown, aka fara gayyato makaɗan zamani, amma cikin 'yan watanni aka rufe. A shekarar 1974 aka nemi izinin rushe ginin domin a yi gidan mai da wurin sayar da motoci a filin. Shirin bai tabbata ba, kuma a shekarar ce aka sanya ginin cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe ko a sauya musu kama ba tare da izini ba. Kamfanin Rank, mamallakin Odeon, ya mayar da shi ɗakin ajiyar kaya. A farkon shekarun 1980 aka sake gwadawa da sunan Fair Deal, shi ma bashi ya ci shi a 1982.

Idan muka dubi makomar sauran gidajen za mu ga iyakar abin da doka take iya yi. Astoria ta Old Kent Road an rushe ta a 1984. Wata Astoria da ke tsakiyar birni a titin Charing Cross, wadda ita ma silima ce da ta koma shahararren zauren kiɗa, ba ta sami kariyar doka ba, kuma a 2009 aka rushe ta domin aikin sabuwar hanyar jirgin ƙasa, duk da cewa kasuwarta tana ci. Wannan ya nuna cewa cinkoson masu kallo kaɗai ba ya tsare gini. Ta Finsbury Park kuwa, wadda aka ƙawata cikinta da siffar ƙauyen Andalus, ta koma zauren kiɗa mai suna Rainbow a 1971, inda Bob Marley ya yi wasanninsa na 1977 da aka ɗauka a fim. Tana da kariyar doka, amma da aka rufe ta a farkon shekarun 1980 sai ta yi fiye da shekara goma tana lalacewa, har wata majami'a mai asali daga ƙasar Birazil ta karɓe ta a 1995 ta gyara. Ashe doka tana iya hana a kawo katafila, amma ba ta toshe yoyon rufi. Wanda yake toshe yoyo shi ne mai amfani da gini, wanda yake da dalilin kashe kuɗi a kansa. Wannan shi ne ginshiƙin hujjata a kan masu cewa kiɗa da rawa da tsalle-tsalle cin mutunci ne ga ginin tarihi. Lallai dubban ƙafafu suna cinye daɓe, hayaniya tana girgiza ado, amma damina goma a kan rufin da babu mai duba shi ta fi su ɓarna.

Sa'ad da ginin yake kulle, unguwar da ke kewaye da shi ta riga ta sauya. A shekarar 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya kawo ɗaruruwan mutane daga Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan. An sauke wasu daga cikinsu na ɗan lokaci a wata mafakar ƙarƙashin ƙasa da ke Clapham, ofishin neman aikin da ya fi kusa da su kuwa yana Brixton, don haka da yawa suka zauna a nan. A hankali unguwar ta zama cibiyar baƙaƙen fata a Landan, daga baya kuma 'yan Afirka ta Yamma suka ƙaru a cikinta da kewayenta. A watan Afrilu na 1981 tarzoma ta ɓarke a Brixton tsakanin matasa da 'yan sanda, sakamakon rashin aikin yi da kuma yadda ake tare samari baƙaƙe a titi ana caje su bisa zato kawai. Aka ƙona motoci da gine-gine, aka jikkata ɗaruruwan mutane. Rahoton da alƙali Lord Scarman ya gabatar a ƙarshen shekarar ya amince cewa akwai wariya da talauci a tushen al'amarin. Amma a idon sauran mutanen Landan, Brixton ta zama wurin da mai hankali ba ya zuwa da dare.

Wannan mummunan suna shi ya sa a shekarar 1983 wani saurayi mai shekara 23, Simon Parkes, ya sami hayar ginin a kan fam ɗaya. Kada mai karatu ya ɗauka kyauta aka yi masa. Kamfanin giyar da hayar take hannunsa ya gaji da ɗawainiyar ginin da ba ya kawo komai, don haka ya miƙa shi da sharaɗin cewa giyarsa za a riƙa sayarwa a ciki na tsawon shekaru, nauyin gyara kuma ya koma kan saurayin. Fam ɗaya kuɗin shiga ne kawai. Abin da ya saya a zahiri shi ne rufi mai yoyo da ɗimbin ɗawainiya. Ya sa wa wurin suna Academy, kalmar da asalinta na makarantar masana ce a tsohuwar Girka, wataƙila don ya ba wurin kwarjinin da unguwar ta rasa.

Manyan dillalan mawaƙan Turawa ba su yarda su kawo mutanensu Brixton ba a farko. Waɗanda suka raya zauren a shekarunsa na fari su ne mutanen unguwar da kiɗansu. Mawaƙan rege na Jamaika irin su Dennis Brown da Gregory Isaacs suka riƙa cika shi, kuma a shekarar 1983 Fela Anikulapo Kuti ya zo daga Legas da ƙungiyarsa ya yi wasa a nan. Ina ganin wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin sau da yawa idan ana ba da tarihin zauren sai a gaggauta zuwa sunayen taurarin Turawa da suka zo daga baya. Gaskiyar magana ita ce baƙin haure da 'ya'yansu, waɗanda sauran gidajen wasa na birnin suke ɗari-ɗari da su, su ne suka biya kuɗin da aka toshe rufin lambun Italiya na 1929. Sai da suka nuna cewa ana iya tara dubban mutane a Brixton a watse lafiya, sannan sauran suka biyo. A watan Disamba na 1984 ƙungiyar The Clash ta yi wasa a nan don tara wa ma'aikatan haƙar kwal masu yajin aiki gudummawa, a watan Disamba na 1986 kuma ƙungiyar The Smiths ta yi wasanta na ƙarshe a duniya a wannan dandamali, a wani taron yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu.

A nan ne abubuwa biyun da na ce a riƙe suka yi rana. Faɗin dandamalin ya ba manyan ƙungiyoyi damar kafa kayan sauti da fitilunsu ba tare da matsi ba, har wasu sukan yi hayar zauren don gwaji kafin su fita rangadi. Gangaren daɓen kuwa, wanda aka yi don mai zaune ya ga allo, sai ya zama gajere da dogo duk suna hango mawaƙi ko da suna tsaye a can baya. Mai zanen ginin bai yi tunanin haka ba, amma da ƙyar za a sami zauren da aka gina takanas don kiɗa da ya fi wannan dacewa da aikin.

Parkes ya sayar da wurin a 1995. Daga baya ya koma hannun kamfanin Academy Music Group, wanda yake da irin waɗannan zauruka a biranen Birtaniya da dama, sunan kamfanonin da ke ɗaukar nauyi kuma ya riƙa hawa kan allon ƙofa, na giyar Carling da farko, sannan na kamfanin wayar O2. Akwai masu kukan cewa wurin ya fita daga hannun unguwa ya koma na manyan 'yan kasuwa, kuma kukan nasu yana da tushe, musamman da yake tsadar haya a Brixton ta kori da yawa daga cikin iyalan da suka raya ta. Duk da haka ban ɗauki sunan da ke kan allo a matsayin babbar matsala ba. Jama'a ba su fasa kiran wurin da sunan da suka sani ba. Matsalar tana ƙasan allon, a bakin ƙofa.

Gidan silima na 1929 an tsara shi ne don mutanen da ke zuwa a rarrabe. Ana maimaita fim tun daga rana har dare, wasu na shiga wasu na fita, kowa kuma yana da kujerar da zai zauna. Zauren waƙa ba haka yake ba. Wasa ɗaya ne, lokaci ɗaya, kuma kowa yana son ya riga ɗan'uwansa isa gaban dandamali. Da aka cire kujerun ƙasa, adadin mutanen da ginin ke ɗauka ya tashi daga kusan 3,000 zuwa kusan 5,000, amma soron shiga da ƙofofinsa da titin da ke gabansu suna nan yadda suke. Dokar da ta kare adon ginin ita ce kuma ta sa ba a faɗaɗa mashiga yadda aka ga dama. Wannan shi ne bashin da na ambata tun farko. Ba ya hana a yi amfani da ginin, amma yana nufin cewa abin da bango bai tanada ba, dole tsari da ma'aikata su tanada, a kowane dare, ba tare da gajiya ba.

Ranar 15 ga Disamba, 2022, mawaƙin Nijeriya Asake yana wasansa na uku a zauren, bayan an sayar da tikitin dararen uku kaf. Jama'a masu yawa suka taru a waje cikin tsananin sanyi, aka yi ta turereniya har ƙofofi suka buɗe da ƙarfi, mutane suka danne juna a soron shiga. Aka tsayar da wasan jim kaɗan da farawa. Cikin kwanakin da suka biyo baya mutum biyu suka rasu a asibiti: wata uwa mai shekara 33 da ta zo kallo, da kuma ɗaya daga cikin masu gadin wurin mai shekara 23. Wata matashiya kuma ta sami mummunan rauni. Ƙaramar hukumar Lambeth ta dakatar da lasisin zauren.

Labarin da ya fara bazuwa shi ne cewa marasa tikiti ne suka yi kutse. Babu mai musun cewa wanda ya tura ƙofa alhali ya san akwai mutane a bayanta yana da nasa alhakin. Amma ɗalibi ya koyi yin hattara da bayanin da ya tsaya a kan laifin taro kaɗai, domin shi ne bayanin da ya fi sauƙi ga masu iko. A filin ƙwallo na Hillsborough da ke Sheffield, inda turmutsitsin 1989 ya ci rayuka 97, an shafe shekaru ana ɗora wa 'yan kallo laifi, sai a 2016 binciken kotu ya wanke su, ya tabbatar da cewa gazawar masu kula da taron ce ta jawo asarar. A Brixton ma, a watan Janairu na 2023 gidan rediyon BBC ya watsa zargin cewa wasu masu gadi sun saba karɓar kuɗi suna shigar da marasa tikiti, takardun da aka gabatar wa ƙaramar hukuma kuma suka nuna cewa tun a 2020 an nuna damuwa game da ƙarfin ƙofofin. Ga kuma wani tarihi da ya sa baƙaƙen fatar Landan suke saurin tsarguwa. Daga 2005 zuwa 2017 'yan sandan birnin sun yi amfani da wata takarda mai lamba 696 da masu shirya wasa suke cikewa, wadda aka daɗe ana sukar ta da cewa kiɗan baƙaƙe take farauta, har aka soke ta. Saboda haka da aka fara raɗe-raɗin cewa irin kiɗan ne ko irin masu sauraron sa ne matsala, mutane da yawa sun ji tsohuwar waƙa ce aka sake rerawa.

Mu ma a nan muna da abin tunawa. A shekarar 1951 gobara ta tashi a gidan silimar El Duniya da ke Kano, ta hallaka fiye da mutum 300. Gwamnatin lokacin ta kafa bincike a kan musabbabin wutar, amma abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne cewa sakayya ce ta sami masu zuwa wurin banza. Ko mene ne ra'ayin mutum game da silima, irin wannan fassara tana da illa guda: tana sa a daina tambayar yadda aka gina wuri, da yadda aka ajiye kaya masu kama wuta, da yawan hanyoyin fita. Tambayoyin kuwa ba su shafi gidan kallo kaɗai ba, sun shafi duk inda jama'a ke cunkushewa, har da zauren biki da ɗakin lacca na kwaleji. Tsofaffin gidajen silimarmu irin su Rex da Palace da Plaza da Eldorado, waɗanda akasarinsu katanga ce da allo babu rufi, ba su da adon da za a yi jayayya a kansa kamar na Astoria, kuma tuni suka bar aikinsu na asali. Na Wapa ma sunan ne ya rage, ya koma sunan wurin 'yan canji a Fagge. Wannan wani zance ne na daban.

A watan Afrilu na 2023 rundunar 'yan sandan Landan ta nemi a soke lasisin kamfanin da ke gudanar da zauren baki ɗaya, tana cewa ta yanke ƙauna da shi. A ɗaya ɓangaren mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke suna roƙon kada a bar wurin ya mutu. A watan Satumba na shekarar ƙaramar hukumar Lambeth ta yanke hukuncin a sake buɗewa bisa sharuɗɗa 77, waɗanda suka haɗa da ƙofofi masu ƙarfi, da sabon tsarin tikiti, da sabuwar hanyar sarrafa jama'a a waje, da ɗakin sa ido guda, da sauya kamfanin tsaro, da auna haɗarin kowane wasa tun kafin ranarsa.

A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake ban ji daɗin yadda wasu masu koken suka riƙa magana ba, kamar dai ginin ne aka zalunta, ba mutanen da suka mutu a soronsa ba. Da an rufe zauren har abada, da an koma halin 1974, wato gini mai kariyar doka wanda babu mai kula da rufinsa, masu son kiɗan kuma da sun koma wasu wuraren da ba lallai su fi wannan tsaro ba. Amma jerin sharuɗɗan shi kansa shaida ne a kan masu wurin. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na ambata da yake buƙatar wata fasahar da ba a da ita kafin 2022. Ƙofa mai ƙarfi ba sabuwar ƙirƙira ba ce, kuma an yi maganarta shekara biyu da wani abu kafin daren. Kamfanin da ya ci ribar dandamalin 1929 da gangaren daɓensa shekara da shekaru, ya wajaba a ce tun tuni ya biya kuɗin gyara abin da tsarin 1929 bai tanada ba. Haka kuma hukumar da ke ba da lasisi ba ta fita ba, domin ita ce ya kamata ta riƙa zuwa da kanta tana ƙirga mutane tana gwada ƙofa, tunda ita ba ta da kaso a kuɗin tikiti.

An sake buɗe zauren ranar 19 ga Afrilu, 2024, bayan wata goma sha shida yana kulle. Ba a fara da wani babban tauraro ba. Ƙungiyoyin da ke kwaikwayon waƙoƙin wasu aka gayyato, ciki har da masu kwaikwayon The Smiths, domin a gwada sabon tsarin shiga da taron da ba zai yi zafi ba.